Naman Kwalba, Jangalin Gyatsa da Saniyar da Ke Wuce Ƙofar Gidanmu

Bayan sallar isha'i a Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya, babu majalisar da ta kai ta bakin tukubar mai tsire cika. Mutum goma ne a tsaye, amma masu saye da ƙyar su kai uku. Sauran sun zo shan ƙamshi ne, da jiran wani idon sani ya kwance takarda ya ce bismillah. Ana cikin haka sai wani matashi ɗan acaɓa ya miƙo waya yana cewa, "Baba, duba nan ka ga ikon Allah. Turawa sun daina yanka, a tanki suke shuka nama kamar alayyahu." Mai tsire ya leƙa, ya goge hannu a gefen riga, ya ce, "A'uzu billahi! Yaro, naman da ba shi da uwa ba shi da uba, wa zai ci?" Wani direba da ya gama lissafin tsinke biyu ya ce, "Sarkin fawa, in dai zai fi naka arha, ni a auno min mudu." Aka kwashe da dariya, aka shiga gardamar halal da haram, har wani ya rantse cewa wannan yana daga cikin alamomin tashin duniya. A bayansu kuwa, a kan kwalta, tirela ce ta wuce shaƙe da shanu, ƙahoni a sama, ta nufi kudu. Ko mutum ɗaya bai waiwaya ba.

Wannan rashin waiwayen shi ne ya dame ni. Ana ga doki, mu muna ga ƙura. Mun ɗauki zafi a kan naman da babu ranar zuwansa kasuwar Ƙiru, mun yi shiru a kan saniyar da ke wuce ƙofar gidanmu kullum ba tare da tukunyar gidan ta ga ko ƙashinta ba. A ganina naman kwalba ba shi da ƙarfin da zai kori saniyar Falgore. In har za a kore ta, sakacinmu ne zai yi aikin, kuma ya daɗe da farawa.

1. Yadda ake dafa saniya tana tsaye tana kiwo

A fara da gaskiyar abin, domin rashin sani ya fi dare duhu. Ana tsikarar dabba da allura a ɗebo ɗan ƙanƙanin abu daga tsokarta. A ciki akwai ƙwayoyin halitta masu iya rabuwa su ninka kansu. Sai a zuba su a tankin ƙarfe mai ɗumi irin na jikin dabba, a riƙa shayar da su wani romo mai sukari da gishiri da sinadaran gina jiki, su yi ta hayayyafa har makonni. Abin da ke fitowa tsoka ce tsura: babu ƙashi, babu ɓargo, babu jijiya, babu hanta balle tumbi. Duk wanda ya san daɗin farfesun kayan ciki a safiyar sanyi ya riga ya gane inda gizo ke saƙa.

An fara nuna wa duniya wannan nama ne a Landan a watan Agustan 2013. Wani farfesa ɗan ƙasar Holan mai suna Mark Post, na jami'ar Maastricht, shi ya haɗa curin niƙaƙƙen nama guda ɗaya tak, irin wanda suke sawa a tsakiyar burodi, kuma ya ci kusan yuro 250,000. Sergey Brin, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Google, shi ya biya. Naman ya fito fari fat, sai da aka rina shi da ruwan wani jan tushe kafin ya yi kama da abin da ido ya saba gani, kuma waɗanda suka ɗanɗana sun ce ya yi kusa da nama amma babu maiƙo. Wato an kashe kuɗin garke sukutum an samu tsire ba kitse, irin wanda a Tudun Wada mai saye zai mayar ya ce a canza masa.

Daga nan abin ya ɗan matsa. Singafo ta halatta sayar da naman kaza na tanki a watan Disambar 2020, ita ce ta farko a duniya. Amurka ta ba kamfanoni biyu, Upside Foods da Good Meat, izini a watan Yunin 2023, Isra'ila kuma ta amince da na shanu a farkon 2024. Amma a can ma ba kowa ya yi maraba ba. Italiya ta haramta shi a ƙarshen 2023, jihohin Florida da Alabama na Amurka suka bi sahu a 2024. Saboda haka mai tsiren Kwanar Ɗangora yana da 'yan uwa a majalisar dokokin Italiya, shi ne dai bai sani ba. Fiye da shekara goma bayan bikin Landan, naman nan bai zama abincin talakan Turai ba, balle na Bebeji. Dalilin kuwa a fili yake: tankin yana son tsabta irin ta ɗakin tiyata, romon yana da tsada, kuma wutar lantarki ba za ta ƙifta ba dare da rana. A nan sai mai karatu ya tuna watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Da a ce garkenmu a tanki yake, da mun yi asarar dukiyar ƙasa a kwana biyu, kuma wari kaɗai ya isa ya tashi gari.

2. Halal ne ko mushe?

Tambayar mai tsire ba ta wasa ba ce, ko da an yi mata dariya. Sanannen hukunci ne a fiƙihu cewa abin da aka yanke daga jikin dabba tana raye, mushe ne. To ƙwayar da aka tsikaro daga cinyar saniya tana tsaye fa? Ga kuma wani abin da masu tallar naman ba su cika son a tayar ba: a farkon lamarin, romon da ake shayar da ƙwayoyin yana ɗauke da ruwan jinin ɗan tayin saniya, wanda ake samu idan an yanka uwar da ciki. Kamfanoni sun yi ta ƙoƙarin rabuwa da shi, wasu sun ce sun rabu. A 2023 kamfanin Good Meat ya tuntuɓi wasu malamai a Saudiyya, suka ce abin zai iya halatta idan ƙwayar ta fito daga dabbar da ake ci kuma aka yanka ta yankan Musulunci, sannan babu jini ko wani haramtaccen abu a cikin romon. Kamfanin da bakinsa ya amsa cewa kazarsa ta lokacin ba ta cika sharuɗɗan ba. A 2024 majalisar addinin Musulunci ta Singafo ita ma ta ce yana iya zama halal bisa sharuɗɗa. Fatawa ta malamai ce, ba ta marubucin jarida ba, amma ko almajiri ya ga abin dariyar: naman da aka ƙirƙiro don a daina yanka, ba zai halatta ba sai an yi yanka.

Ko an warware wannan, akwai inda tanki ba zai taɓa shiga ba. Layya ibada ce ta zubar da jinin dabba mai shekaru sanannu, wadda ba gurguwa ba, ba mai ido ɗaya ba, ba ramammiya ba. Tanki ba shi da haƙoran da za a buɗe a duba shekara. Ranar suna rago ake yanka wa jariri, mai jego kuma ƙafafun sa ake dafa mata. Har watanda, da maƙwabta ke haɗa kuɗi su sayi sa a raba kashi-kashi a jajibirin salla, rabin daɗinta yana cikin tsayuwa a kan mahauci ana gardamar wa aka ƙwara a hanta.

3. Shanun duniya sun shiga uku

Labaran shanu da ke yawo a wayoyinmu sun isa a yi dare guda ana dariya. A 2019 aka nuna wata gona kusa da Mosko inda aka sanya wa shanu wani tabarau mai nuna musu hoton makiyaya shar da ciyawa, wai don hankalinsu ya kwanta su ƙara nono. Saniya na tsaye cikin sanyin Rasha tana kallon damina a cikin gilashi. Kallon kitse ake yi wa rogo, da izinin hukuma. A Jamus, a 2021, masana suka koya wa 'yan maruƙa shiga bayan gida, kuma 11 daga cikin 16 suka iya, abin da ya gagari wasu manya a tashoshin motarmu. A Indiya, wata hukumar kula da dabbobi ta ayyana 14 ga Fabrairun 2023 a matsayin ranar rungumar saniya, sai ta janye sanarwar kafin ranar ta zo. Wataƙila wani ya tuna musu cewa saniya tana da ƙaho kuma ba a yi shawara da ita ba.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne jangalin gyatsa. Saniya tana fitar da wata iska idan tana tuƙa, yawanci ta baki, kuma iskar tana daga cikin masu ɗumama duniya. Ƙasar New Zealand ta shirya sanya wa manoma haraji a kan haka a 2022, makiyaya suka yi ca, aka soke shirin a 2024. Denmark kuwa ta yanke a shekarar 2024 cewa za ta fara karɓa daga 2030. Mu nan Kano marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa mulki a 1979, har yau ana tuna masa. Ashe jangali bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa Turai, kuma can ba ƙaho ake ƙirgawa ba, gyatsa ake aunawa.

Sai Botsuwana, inda masu bincike suka riƙa zana manyan idanu a ɗuwawun shanu don zaki ya zaci an gan shi ya fasa farauta. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna cewa cikin shanu 683 da aka yi wa zanen, zaki bai kashe ko ɗaya ba a tsawon shekara huɗu. Dabara ce mai arha, sai dai ba za ta yi aiki a dajin Falgore ba, domin zakin da ya addabi makiyayan can a shekarun 2015 da 2016 a kan babur yake zuwa, kuma ko idanu goma aka zana wa saniya ba zai ji kunya ba. Maƙwabciyarmu Chadi ma ta shiga labarin a 2020, lokacin da ta amince ta biya Angola bashin dala miliyan 100 da shanu 75,000 cikin shekara goma. A Brazil kuma akwai wata farar saniya mai tozo, Viatina-19, da aka yi wa kuɗi sama da dala miliyan 4. Nauyinta ya haura tan guda, kuma in ka ga hotonta sai ka rantse 'yar uwar bunajin Doguwa ce da ta samu gidan miji mai wadata.

A yi dariya, ta halatta. Amma in dariyar ta lafa a sake duba labaran nan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sanya wa saniya tabarau ya san lita nawa take bayarwa jiya, shi ya sa yake neman ƙari yau. Wanda ya ce zai karɓi kuɗin gyatsa ya san adadin shanun ƙasarsa har da sunan mai kowace. 'Yan Brazil daga Indiya suka samo kakannin farar saniyarsu, suka shafe shekaru aru-aru suna zaɓen iri, suna rubuta wa ya haifi wa, har ƙasarsu ta zama kan gaba wajen fitar da naman shanu a duniya. Haukan nasu hauka ne na wanda ya ƙoshi, kuma ƙoshin daga lissafi ya samo asali.

4. Namu labarin ya fi nasu ban mamaki

Da a ce wani ɗan jaridar Denmark zai kwana uku tsakanin Tiga da Riruwai, shi ma da ya koma da labaran da mutanensa za su ce ƙarya yake yi. Na farko, ƙasar ba ta san yawan shanunta ba. Wasu alƙaluman da aka daɗe ana amfani da su sun ce miliyan 20 da ɗoriya, wasu na hukuma na baya-bayan nan sun haura miliyan 50. Tazarar da ke tsakani ta fi shanun ƙasashe da dama. Bafulatani dai ba ya faɗin adadin garkensa, ko don kunya ko don tsoron baki ko don tunawa da zamanin jangali, wannan an san shi. Amma gwamnati ma ta zama Bafulatana?

Na biyu, da duk waɗannan miliyoyin, abin da ɗan Nijeriya ke ci na nama a shekara, in an raba daidai, bai kai kilo 10 ba, alhali na Ba'amurke ya haura kilo 100. Raba kilo goma ga kwanakin shekara, za ka samu abin da bai wuce ɗanɗanon da mai balangu ke miƙo wa a bakin wuƙa ba. Kuma ba a raba daidai ɗin. A gidaje da yawa a ƙauyukan Ƙiru da Bebeji, nama baƙo ne mai zuwa da salla, da suna, da ranar da akuya ta ci abin da ya fi ƙarfinta aka yi gaggawar sa mata wuƙa. Sauran kwanaki miya lami ce, daddawa ke riƙe da ita. Shi ya sa nake mamakin masu tsoron naman bogi. Mu da muka daɗe da naɗa awara sarautar naman talaka, muke jefa dunƙule mai hoton zakara a tukunyar da zakara bai taɓa leƙawa ba? Turawa suna kashe biliyoyi don su ƙirƙiro nama marar dabba, matan Tudun Wada sun gama wannan binciken tuntuni da waken suya da ruwan tsami.

Na uku, nono. Nagge daɗi goma, in ji masu ita, amma saniyarmu lita ɗaya zuwa biyu take bayarwa a yini, da rani ma a kan rasa na maraƙi, yayin da saniyar Holan ke ba da ashirin da ɗoriya. Sakamakon haka ƙasar na kashe fiye da dala biliyan ɗaya duk shekara wajen shigo da madara, har ta kai ga ana dama garin madarar waje a sayar a ƙwarya da sunan kindirmo. Laifin ba na bunaji ba ne. Dabbar da ke yini tana tafiya neman ciyawa da ruwa, ga kaska, ga ciwon huhu, ga ciwon hanta, ga sammore a wuraren da ƙudan tsando yake, abin da ta ci a ƙafa yake ƙarewa. Ita ma 'yar Holan, a kora ta daga Falgore zuwa bakin Binuwai da ƙafa, a ga lita nawa za ta kawo.

Na huɗu shi ne tirelar nan da ta wuce ba a waiwaya ba. Muna loda shanu da ransu, a ɗaure, su yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Legas, su rame a hanya, wasu su mutu. Tare da su muke aika fata da ƙashi da ƙaho da jini da aikin yi na duk wanda zai sarrafa su. Mu riƙe ƙaho, wasu na tatsa. Fatar ma ba ta tsira ba, domin maimakon ta je majema ta zama takalmi, ganda take zama. A 2022 shugaban cibiyar binciken fata da ke Zariya ya nemi a hana cin ganda, jama'a suka yi masa ca, kuma suna da hujja: wanda tsoka ta fi ƙarfin aljihunsa, in an hana shi ganda me zai tauna? Mu ke nan, al'ummar da talauci ya sa take cinye takalmanta.

Na biyar ya fi duka ciwo, kuma ba abin dariya a cikinsa. Muna ƙyamar naman kwalba saboda an ce da jinin ɗan tayi ake renonsa, alhali a kwatocinmu ana yanka shanu masu ciki, a farke a jefar da ɗan. Likitocin dabbobi na jami'o'inmu sun daɗe suna rubutu a kan wannan asara. Makiyayi ya matsu da rani ya sayar, dillali bai tambaya ba, mahauci ya ga arha, kuma babu wanda ya duba cikin kafin a kayar da ita. Kowane ɗan tayi da aka jefar a bayan kwata sa ne na huɗa ko saniyar tatsa ta shekara huɗu masu zuwa.

Abin takaicin shi ne kudancin Kano yana da duk abin da ake bukata. Ga madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji tun 1974. Ga dajin Falgore. Ga karan masara da dawa da bambaron shinkafa da harawa da ake tarawa duk kaka a Tudun Wada da Doguwa, ga dusa daga injinan casa. Mutanen yankin sun iya turka, duk wanda ya ga sa ko ragon da aka ɗaure wata huɗu ana jiran salla ya san haka. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta yi kiran makiyaya su dawo Kano, ta kuma buɗe rukunin farko na gidajen rugar zamani a dajin Ɗansoshiya da ke Ƙiru a 2020. Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kiwo sukutum a watan Yulin 2024. Takardu da harsasai ba su yi ƙaranci ba. Sai dai saniya ba ta cin allon sanarwa, kuma ma'aunin kowane shiri ɗaya ne: ruwa da rani, ciyawa a watan Afrilu, allura a kan lokaci.

5. Masu cewa ba haka ba

Wani zai ce, ai haka aka yi wa wayar hannu dariya, da farko sai masu kuɗi, yau ga ta a hannun mai kiwon awaki. Gaskiya ne, kuma farashin naman tanki ya sauko ƙwarai daga na 2013. Ba na rantsuwa cewa jikokinmu ba za su ci shi ba. Amma in ranar ta zo, daga waje za a shigo da shi cikin kwali kamar yadda ake shigo da madarar gari, kuma wanda zai fara jin jiki shi ne makiyayin da saniyarsa ke ba da lita ɗaya. Wannan hujja ce ta a gyara kiwo tun yanzu. Ko ma ba tanki, daskararren nama daga Brazil ya isa ya yi mana wannan illar, kuma shi ba sai an jira bincike ba. Babban kamfanin namansu, JBS, ya riga ya sanya hannu a kan yarjejeniya da gwamnatin Nijeriya a ƙarshen 2024.

Wani kuma zai kawo batun ɗumamar yanayi, cewa shanu na da hannu a ciki. Suna da shi, kuma mu da hamada ke matsowa ba mu da bakin musu. Amma wa'azin rage cin nama a kai shi inda ake cin kilo ɗari. Yaron da ke fama da tamowa a ƙauye ƙarin nama da nono da ƙwai yake bukata. Hasali ma, saniya mai ƙoshi da lafiya wadda ke ba da lita biyar ta fi sauƙi ga sararin sama a kan guda biyar masu ba da ɗaya-ɗaya, domin baki ɗaya ne ke gyatsa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa in babu shanu babu rikicin manoma da makiyaya. Mai wannan magana ya ɗauka don tsire ake kiwo. A wurin mai ita, saniya banki ce, gado ce, sadaki ce, abincin yara ce kullum safiya. A wurin manomin Doguwa kuwa, bijimai biyu da garma su ne tarakta, kashinsu kuma taki ne a lokacin da buhun na zamani ya gagari mutane. Ba a daɗe ba da manomi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, har ya haɗa masa da dammunan dawa. Abin da ya ɓata tsakani sananne ne: an nome burtali, an kewaye mashaya da noman rani, kara ya zama kuɗi, mutane sun ƙaru ƙasa ba ta ƙaru ba, wasu makiyayan kuma suna sakin dabba cikin amfanin gona da gangan ko su bar wa ƙananan yara garke. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da tankin Singafo zai warware. Hakimi da arɗo da alƙali mai gaskiya da ma'aunin fili su ne za su iya.

Masuntan Tiga, abokan wasan mahauta, su ma suna da tasu fatawar, cewa kowa ya koma kifi a huta. To su yi haƙuri, an ce na kifin ma ana shuka shi a tanki.

6. Ga masu iko da wuƙa

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa bai kai kuɗin curin naman Landan ba. A sa ma'aikacin lafiyar dabbobi a kowace kwata ranar kasuwa, ya duba saniya kafin a kayar da ita, mai ciki a mayar da ita gida, a kuma zauna da sarakunan fawa a samo yadda mahaucin ba zai yi asara ba. A fito da taswirar burtali da mashaya a manna a ƙofar fadar kowane dagaci, kowa ya ga inda gonarsa ta tsaya. Gwamnatin jiha kuma ta riƙa faɗa wa jama'a duk shekara iyalai nawa ke zaune a Ɗansoshiya da lita nawa ke fita daga can.

Kai kuma mai karatu, in ka tsaya a bakin tukuba daren nan aka miƙo maka ɗanɗano, kafin ka shiga gardamar naman Turawa, tambayi sarkin fawa a wace kwata aka yanka wanda ke hannunka, kuma wa ya duba shi.